Ranar da Na Miƙa wa Baba Makullin Keke

Akwai wata yamma cikin watan azumi da har in bar duniya ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun haura ashirin, gemuna ya fara furfura, amma in na tuna ta sai in ji kamar jiya abin ya faru, har in ji kunyar ta sake rufe ni.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne. Ina ɗan shekara ashirin da bakwai, ina ɗinki a wani layin teloli a Fagge, mu goma sha ɗaya, shago na jikin shago. Wahalar mai ta ishi kowa a shekarun nan, ɗan acaɓa kuwa in ya gan ka da ƙunshin kaya sai ya faɗi abin da ya ga dama. Shi ya sa muka haɗa hannu muka sayi kekunan hawa guda uku na tarayya, tsofaffi amma masu ƙwari. Muka raba kwanaki, kowa da ranar da yake da fifiko a kan keke, ita muke kira layinsa. Makullan a shagona suke rataye jikin ƙusa, don ni ne a tsakiya.

Zama kusa da ƙusar nan ya sa na san shekara ta hanyar kekuna. Da zafi ya kankama, daga hantsi zuwa la'asar ba mai taɓa su, sirdin ma ba ya zaunuwa. Da damina sai su yini a jingine, don ba telan da zai yarda ruwa ya kama shi da shaddar mutane a bayansa. In an kusa komawa makaranta su ɗan motsa saboda kayan ’yan makaranta. Bayan girbi bukukuwa su taso, a yi ta kai anko gida gida. A waccan shekarar ma har ’yan siyasa sun ƙara mana zirga-zirga, kowa ya ci zaɓe sai ya ɗinka manyan riguna. Amma lokaci biyu ne kekunan ba sa shan iska: azumi, saboda ɗinkin sallah, da kuma Disamba, saboda mutanenmu na Sabon Gari masu shirin Kirsimeti. To a shekarar nan sai biyun suka haɗu, Kirsimeti ta faɗo tsakiyar azumi. Mutum yana sauka daga keke wani na karɓa, da wuya ka gan shi a jingine.

A cikinmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi ne ya fara kafa keken ɗinki a layin, kuma rabinmu a wurinsa muka ga yadda ake yankan kaftani. Mutum ne mai son yi wa kansa komai. Tun da aka sayi kekunan bai taɓa barin layinsa ya wuce ba. Da safe zai naɗe ƙafar wando, ya tafi Kasuwar Sabon Gari ya zaɓo zare da maɓallai da kansa, don ya ce matasa ba mu san bambancin fari da ruwan madara ba.

Tun cikin damina Baba ya daina hawa. Ranar farko ya ce hanya da santsi, in ɗauki layinsa in sayo masa zare in na je. Da ruwa ya ɗauke ya ce gwiwa ce. Da azumi ya kama ya ce ƙishirwa. Ni kuwa daɗi nake ji, na samu layi biyu a lokacin da ake rububin keke. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me zai raba mutum da abin da yake so haka kawai ba. Na ga ya jawo keken ɗinkinsa har bakin ƙofa, na ce iska yake nema. Sau da yawa yakan miƙo mini allura cikin raha ya ce, "Ɗana, zura mini, in ga ko idonka ya kai na yaro." In zura, mu yi dariya, in koma aikina.

Ana saura kwana biyu Kirsimeti, bayan sallar la'asar, ina zaune kaina kamar zai tsage. Kaya sun taru, masu su na tsaye a kaina, ga azumi, ga wani yadi da na ɓata da safe. Sai ga Baba a ƙofar shagona da ƙunshi a hannu. Kayan wata mata ce ’yar ƙabilar Ibo da muke kira Madam, mai sayar da yadi a Sabon Gari, wadda ta daɗe tana kawo masa ɗinkin mijinta da ’ya’yanta. Washegari da sassafe za su hau mota zuwa garinsu.

Ya ce, "Ɗana, in za ka fita, ka biya ka miƙa wa Madam kayan nan. Na yi mata alkawarin yau."

Ban san inda maganar ta fito ba. Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Haba Baba! Yau fa layinka ne, ga keke can a jingine. Wata biyar muna yi maka aike. Ko hawan ne ka manta?"

Wasu suka yi dariya. Maƙwabcina, wani Bayarabe mai aikin wuyan riga, ya ɗago kai ya dube ni. Baba kuwa ya tsaya riƙe da ƙunshin. Ni da kaina na zare makullin daga ƙusa na miƙa masa. Ya karɓa, ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Na gan shi ya sunkuya yana laluben bakin kwaɗon da yatsa, ya daɗe kafin ya buɗe. Ya ɗaure kayan a baya, ya naɗe ƙafar wando, ya hau. Keken ya yi ɗan tangaɗi, sannan ya miƙe.

Daga shagonmu zuwa gidan Madam, zuwa da dawowa, bai fi rabin awa ba. Awa ɗaya ta wuce, wanda ke jiran keken ya fara ƙorafi. Rana ta yi ƙasa, masu ƙosai sun fara suya, kowa na shirin shan ruwa, Baba shiru. A nan ne na fara leƙen bakin layi.

Sai ga tasi ta tsaya a bakin layi. Madam ta fara fitowa, sannan mijinta, suka kamo Baba suka fito da shi. An naɗe goshinsa da bandeji, hannunsa na dama rataye a wuya da ɗankwalinta, farar rigarsa duk laka da jini. Keken na cikin but ɗin motar, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Ashe wani rami aka haƙa a gefen titi kusa da gidanta, ruwan kwata ya taru a ciki, Baba ya faɗa da ka. Su suka ciro shi, suka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka ɗinke goshin, aka ce wuyan hannun ya karye.

Madam haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta tsaya a tsakiyar layi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wane ne a cikinku ya ɗora mutumin da ba ya gani a kan keke?"

Wani ya ce, "Madam, wa ye ba ya gani?"

Ta ce, "Au, ba ku ma sani ba? Ni da nake zuwa sau ɗaya a wata na gane tun da daɗewa. In na shigo shagonsa ba ya gaishe ni sai na yi magana ya ji muryata. Awo ma da yatsa yake ƙirga shi a jikin tef. Ku kuma kullum kuna tare da shi, kuna ce masa Baba!"

Baba ya ce, "Madam, ya isa. Ni na hau da kaina." Ya juya wajen da yake zaton tana tsaye, ya tambaye ta ko kayan sun ɓaci. Ta ce ko ɗigon laka bai taɓa su ba, don a leda ya naɗe su. A daidai nan aka kira sallah. Aka miƙo mini ruwa, na kurɓa na ajiye.

Washegari da hantsi na je gidansa. Na same shi a zaure a kan tabarma, na durƙusa, na rasa ta inda zan fara. Da ƙyar na ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba. Ai ni na ɓoye."

Na ce, "To me ya sa ka ɓoye mana?"

Ya ce, "Ɗana, in aka ji a gari cewa tela ba ya gani, wa zai kawo masa shaddarsa? Ga iyali. Yanar ido ce ta rufe na hagu tun bara, na daman kuma kamar ana kallo ta cikin hayaƙi. Ɗinki hannuna ya san shi, amma titi ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Na ce, "Da ka ƙi hawa jiya. Da ka zage ni ma."

Ya ce, "A gaban yaran da na koya wa yanka? Kuma fa na kusa kaiwa. Hanyar na san ta a ka, na shekara talatin ina bin ta. Ramin ne sabo."

Ya faɗi haka yana murmushi, ni kuwa hawaye ne ya zubo mini.

Sallah saura mako biyu, kayan mutane tuli a shagonsa. Bayaraben nan maƙwabcina ne ya tara mu, ya ce a raba. Kowa ya ɗauki biyu ko uku a kan nasa aikin. Baba yakan zo ya zauna a kan benci da hannu a rataye, a karanta masa awo, ya ce wannan Alhajin ba ya son wuya ya kama shi, wancan a ƙara masa tsawon hannu ko bai faɗa ba. Duk mai kaya ya karɓi kayansa kafin jajibiri, kuma ba wanda ya ji komai daga bakinmu sai cewa Baba ya faɗi a keke.

Bayan sallah, da kekuna suka samu hutu, Sabon Gari ma ta yi tsit don mutanenta ba su gama dawowa ba, muka kai shi asibitin ido. Aka yi masa aiki, idon dama ya buɗe, na hagun likita ya ce an makara. Kalmar nan ta makara ta daɗe tana damuna, don na san watannin da aka makara ɗin ni nake yawo da layinsa ina murna. Hannun ya warke, amma bai koma riƙe babban almakashi kamar da ba, sai ni nake yi masa yanka yana tsaye a kaina. Keke kuwa bai sake hawa da kansa ba. In zai je zaɓen zare nakan goya shi a baya, yana yi mini faɗan in rage gudu. Bayan ’yan shekaru kowa ya sayi babur, kekunan suka tsufa a jingine, tarayyar ta watse. Baba ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba.

Ni ne dai ban bar wa kaina ita ba. A lokacin ina taƙama na san wanda ke ɗaukar keke da sa'ar da yake ɗauka, damina da rani, amma wanda ya daina ɗauka ban tambayi dalilinsa ba, saboda dainawar tasa ta yi mini amfani. Abin da na koya shi ne, mai mutunci ba kasafai yake cewa ya gaza ba, sai dai ka ga ya janye daga abin da ya saba, ya kawo ɗan uzuri. Tun daga ranar, in wani ya bar mini rabonsa, kafin in ce na gode sai na ja shi gefe, inda ba mai jin mu, na tambaye shi ko lafiya.