Ranar da Hotunan Kawu Suka Fito Fili

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da aka ƙaddamar da shafin intanet na ƙungiyar manoman shinkafar unguwarmu a Gummi. Shekaru sun shuɗe, na yi ayyukan kwamfuta iri-iri, amma har yau in ranar ta faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, har mutane su riƙa tambayata ko lafiya.

A lokacin dawowata gida ke nan da difloma ta kwamfuta, ba aiki, sai zaman majalisa da gyara wa mutane waya. Kawuna, yayan Inna, shi ne shugaban ƙungiyar. Mutum ne mai jiki, mai son a girmama shi, ko sayen goro zai fita sai ya zuba babbar riga. Wata rana ya je biki Anka, ya ga wani ɗan kasuwa yana nuna hajarsa a waya. Yana dawowa ya aika a kira ni.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kirana, "wanga abu da mutanen Anka sunka yi, mu ma a yi muna shi. Duniya ta ga shinkafarmu."

Ni kuma da zafin sabon ilimi na ce ba sai mun kama hayar wuri a wajen wani kamfani ba, a gida za mu ajiye shafinmu. Na samo wata tsohuwar kwamfutar tebur na mai da ita uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta, duk wanda ya buɗe shi daga ko'ina ita ce ke miƙa masa. Ɗakin Inna na kai ta, don nan ne ke da wutar sola, nan ne kuma ya fi sanyi a gidan. Na saita ta yadda in wuta ta yanke ta dawo, za ta tashi da kanta.

Inna ta zagaya akwatin tana kallo, ta ce, "Mi kac ce sunanta?"

"Uwar garke, Inna."

"To ina garken?"

"Suna cikin intanet."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Allah shi ba su ciyawa."

Shafi ya tashi lafiya. Matsala ta fara ne daga hotuna. Kawu ya ɗauki mai hoto suka tafi fadama, washegari mai hoton ya kawo mini aikinsa gaba ɗaya, ya nuna mini 'yan kaɗan da ya ware ya ce su ne na ɗorawa. Na kwashe duka na zuba a wata jaka cikin kwamfutar, na sa mata suna hotunan Kawu, ban tsaya duba sauran ba. Da na zo ɗora waɗanda aka ware a fuskar shafi, sai uwar garke ta ƙi karɓa, wai sun yi nauyi.

Na san maganin abin. Akwai wani fayil na saiti, rubutu ne zalla layi-layi, a cikinsa akwai layin da ke faɗin iyakar nauyin hoton da za a karɓa. Ka ƙara lambar, shi ke nan. Amma ina fayil ɗin yake? Da na bincika sai na tarar da fayiloli da yawa masu suna iri ɗaya, kowanne a jakarsa, kamar 'yan gida ɗaya da aka raɗa wa sunan kaka. Na gyara wannan, shiru. Na gyara wancan, shiru. Kwana da kwanaki ina abu ɗaya, Kawu kuwa kullum sai ya leƙo.

"Injiniya, mi ya tsai da aiki?"

"Wani fayil nake nema, Kawu. Ban gano inda yake ba."

Ya juya ya fita. Da la'asar sai ga shi da buhu a bayan babur. Ya zazzage a tsakar gida: fayil-fayil ne na kwali, duk wanda ƙungiya ta taɓa mallaka, wasu gara ta ci gefensu.

"Duba ciki," in ji shi. "In babu, akwai saura wajen tsohon sakatare."

Daga ƙarshe dai na tuna akwai wani ɗan shafin gwaji da ake buɗewa, uwar garke ta faɗa maka da kanta wane fayil take karantawa. Na buɗe, sai ga shi: ashe na gaskiyar yana can ƙurya, jaka cikin jaka, inda ban taɓa leƙawa ba. Na ƙara lambar, na adana, na gwada hoto. Ta sake cewa ya yi nauyi. Na dafe kai. An koya mana a makaranta cewa uwar garke ba ta karanta saiti sai lokacin da take tashi, don haka in ka gyara dole ka kashe ka kunna, amma a ranar wannan karatu ya gudu daga kaina. Na tashi na tafi sallar azahar raina a ɓace.

Ina dawowa na tarar da Inna da tsintsiya, ɗaki fes. Na sake gwada hoton ba don ina sa rai ba, sai kawai ya hau. Na gwada wani, shi ma ya hau. Na yi tsalle har na buge kwanon fura.

Inna ta ce, "Ta yi ko? Ai na sani. Kullum kuna yanar gizo, yanar gizo, ga ta nan jibge bayan akwatin ba wanda ya kula. Na zare igiyar wutar, na share ta tas, na mayar."

Na yi iya ƙoƙarina in fahimtar da ita cewa zare wutar da mayarwa ne suka sa kwamfutar ta karanta sabon saiti. Ta saurare ni har na gama, ta ce to, ai duk gyara ne. Kafin magariba matan unguwa sun ji cewa abin da ya gagari mai difloma, Inna ta gyara shi.

Ranar ƙaddamarwa ta zo. A wani ajin makarantar firamare aka shirya taron, aka aro babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo. An gayyato dillalan shinkafa daga Anka da Bukkuyum, cikinsu har da wani Alhaji na Bukkuyum da ke sayen shinkafa mota-mota, wanda ƙungiya ta daɗe tana so ya waiwaye ta. Don shi aka yi rabin hidimar.

Da hantsi ina ɗaura agogo, sai ga Kawu ya shigo cikin shadda tana ƙara, turare ya riga shi isowa.

"Injiniya, na yi tunani. Duk wanda ya buɗe shafin ga, hotona nika so ya fara gani, kafin shinkafa."

"Kawu, yau fa ake taron."

"Shi ya sa nac ce yau."

Na zauna na buɗe fayil ɗin saiti. Akwai layin da ke nuna wa uwar garke wace jaka ce ƙofar shafi, wato abin da baƙo zai fara tararwa. Don in gwada, na goge abin da ke wurin na rubuta jakar hotunan Kawu, na adana. Ban kai ga duba komai ba aka bugo waya cewa baƙin Anka sun iso. Kawu ya hau babur yana ta danna oda. Na ce a raina ba komai, tunda yanzu na san sirrin: muddin ba a kashe ta an kunna ba, tsohon saiti za ta ci gaba da bi. In an tashi taro na dawo na mayar da layin yadda yake.

Taro ya fara da kyau. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, na buɗe shafi a talabijin, ga shinkafa fara sol, ga fadama kore shar. Aka yi tafi. Na rubuta adireshin a allo, kowa ya ciro waya ya buɗe. Alhajin Bukkuyum ya gyara zaman tabarau yana gyaɗa kai. Sai Kawu ya miƙe zai yi nasa jawabin, ya juya wa talabijin baya, ya fuskanci jama'a.

"Injiniya, nuna musu."

Na danna, shafi ya ɗauke. Na ɗauka netiwok ne. Can sai ya dawo, amma ba shinkafa ba fadama, sai farin fili da jerin sunayen hotuna. Don kada shiru ya yi yawa na buɗe na farko. Kawu ne tsaye a kan kunyar gona, ya miƙa hannu nesa kamar ɗan takara. Aka yi tafi.

"Gaba!" in ji Kawu.

Na biyu, ƙafarsa ɗaya ta zame, bakinsa a buɗe. Wani ya yi tari a baya.

"Gaba, Injiniya, kada ka ɓata muna lokaci!"

Na uku, Kawu ba ya ƙasa ba ya sama, babbar riga ta buɗe kamar lema, takalmi ɗaya ya kama hanyarsa. Aji ya fashe da dariya. Kawu ya ɗauka barkwancin da ya yi kan tsadar taki ne ya karɓu, sai ya maimaita shi da ƙarfi. Na fizge igiyar talabijin, amma ina amfani? Shafin yana hannun kowa. Mutane suka duƙufa kan wayoyinsu suna wucewa gaba da kansu: ga Kawu cikin taɓo har ƙugu, hula tana iyo a gefe; ga manoma biyu suna jan sa da wuyan riga; ga shi a ƙarshe zaune gindin bishiya daga shi sai singileti da zanen aro, yana cin soyayyen kifi, rigar tana shanye kan ƙaya. Ashe mai hoton nan bai ɗaga yatsa daga kan na'urarsa ba tun daga zamewa har shanya.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Inna ce.

"Auta, na ce yau babban taro, shi ya sa na sake yi mata gyaran nan. Ta ƙara ƙarfi?"

"Ta ƙara, Inna," na ce. "Ta ƙara ƙwarai."

Ban san yadda na fita ajin ba. Na figi babur ɗin Kawu sai gida. Na zauna gaban kwamfuta, sai a lokacin na tuna ban ajiye kwafin fayil ɗin ba kafin in taɓa shi, dole in tuno abin da na goge da ka. Na rubuta, na kashe na kunna, ta ƙi tashi sam. Na buɗe inda take rubuta kokenta, ta nuna mini layin: garin sauri na bar wata 'yar alama a ƙarshensa. Inna tana tsaye a kaina da tsintsiya tana cewa in matsa ta gwada. Na roƙe ta don girman Allah ta ajiye. Na sa alamar, na sake kunnawa, shinkafa ta dawo.

A hanyar komawa ina ta shirya kalmomin ban haƙuri, ina kuma tunanin garin da zan koma da zama. Ina shiga aji na tarar da abin da ban zata ba. Kawu ne a tsakiya, wayar Alhajin Bukkuyum a hannunsa, jama'a sun kewaye shi yana ba da labari hoto bayan hoto. Daga baya sakataren ƙungiya ya gaya mini yadda aka yi. Wai da Kawu ya lura kowa waya yake kallo, sai ya karɓi ta wani ya duba. Ya daɗe yana kallon na ukun nan, sannan ya ɗago ya ce, "Wanga mai hoto bai iya aiki ba. Wallahi na fi haka tashi sama."

Alhajin ya yi dariya har hawaye. Ya ce ya gaji da shugabannin manoma da ba su san hanyar gona ba, yau ya ga wanda ya shiga fadama da dukan jikinsa. A makon ya zo ya ga shinkafar da idonsa, aka ƙulla ciniki. Ni kuwa da taro ya watse Kawu ya kama kunnena ya murɗe, ya ce ya sauke ni daga Injiniya, daga yau ni bakanike ne. Mai hoto kuma ya tafi gaishe da dangi Bukkuyum, bai dawo ba sai bayan girbi.

Abin da na koya a ranar, ba wani malami da ya iya cusa mini shi a aji. Kafin ka taɓa saiti, ajiye kwafinsa. In ka taɓa, gwada nan take, kada ka tashi ka bar gyara rabi da rabi da sunan za ka dawo, don ba kai kaɗai ke da hannu a gidan ba. Sannan in babba ya tsaya a kanka ranar taro ya ce a canja abu yanzu-yanzu, ka durƙusa cikin ladabi, ka ce masa sai gobe.