Mijinyawa Ba Ya Rufe Ƙofa

Duk unguwar Asata babu wanda bai san Alhaji Mijinyawa mai albasa ba, mijin ƙanwata Hannatu. Da buhu guda ya sauka Enugu, yau shi ne mai saukar baƙi. Taƙamarsa ke nan a duniya, wai ƙofarsa ba ta rufuwa. Shi dai a yabe shi, ko da gidan zai kama da wuta.

Sai ƙodar 'yarsu Baiwa ta daina aiki tana shekara bakwai. Likitoci suka sa mata roba a ciki, kullum a gida ake zuba ruwan magani, ya kwaso dattin jini a zubar. Suka ja musu kunne: lokacin canjin ruwa a rufe ƙofa, a kashe fanka, a wanke hannu, kada kowa ya shigo. In ƙwayar cuta ta bi robar nan, ran yarinyar ne.

Hannatu ta riƙe dokar nan gam. Shi kuwa gogan, abin kunya ne wai. Mutane su hau acaɓa tun daga unguwar Ogui su zo dubiya, a tsayar da su a waje? Me za a ce da shi a masallaci?

Wata Juma'a ya kwaso dattawa bayan an sauko, daidai an buɗe bakin robar. Hannatu ta roƙe shi ta bayan ƙyaure su yi addu'ar daga nan, ai Allah na ji. Ya banko ƙofar.

"Ba za ki kunyata ni a gaban mutane ba."

Suka cika ɗakin maƙil. Wannan ya shafa cikin, wancan ya yi tofi. Bayin Allah ba su san komai ba. Wanda ya sani yana gefe yana washe baki.

Ba a daɗe ba, ruwan da ke fita garau ya koma kamar na wankin shinkafa. Ga zazzaɓi, ga amai, cikin ko zane ya taɓa sai kuka. A asibiti aka cire robar. Baiwa ba ta dawo gida ba.

Kwana ne ya ƙare, na yarda. Amma wallahi har yau ina jin haushin mutumin nan. Ranar sadakar uku, tabarmi har bakin titi, na leƙo miƙa kwanon abinci, na ji shi da kunnena yana ce wa wani:

"Ka ga jama'a ko? Har daga Fatakwal."

Hannatu tana ɗakin yarinyar ita kaɗai. Ta kashe fanka, ta sa sakata.