Muryar Babur ɗin Baba

Shekarun baya, tun kafin a hana hawa babur a cikin Jimeta, na taɓa kashe rani guda cur a garejin gidanmu da ke Bekaji ina gyaran wani tsohon babur da ya kusa kai ni shekaru. Sana'ata sayar da busasshen kifi, na haura arba'in a lokacin, kuma shekarata biyu kacal da fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Don haka duk wanda ya yi mini dariya a unguwa ban ga laifinsa ba. Na dai rama.

Babur ɗin na mahaifina ne. Malamin dabbobi ne shi a zamaninsa, mai bin rugage yana yi wa shanu allura. Ƙannena maza ya sa a makaranta, ni kuwa ya ɗora ni a kan tankin babur, saboda wai na iya riƙe ɗan maraƙi ba ya motsi. Na daɗe ina jin haushin wannan, kuma na sha faɗa masa ido da ido. Amma in zan faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin duniya irin na kan tankin nan ba. Iska tana shiga mini baki, haɓarsa tana taɓa tsakiyar kaina, ciyawa tana kwantawa dama da hagu, kogi yana leƙowa ta tsakanin bishiyoyi ya ɓuya. Kuma duk rugar da muka isa, sai mu tarar shanu a tare, maruƙa a ɗaure, mata sun fito da ƙwaryar nono. Ni a lokacin na ɗauka haka duniya take, kullum a shirye tana jiranmu.

Idanun Baba sun mutu a hankali bayan ya bar aiki. Da mahaifiyata ta rasu sai na ɗauko shi ya dawo gidana, shi da akwatinsa da babur ɗin, wanda muka jingine a gareji muka rufa masa tsohon buhu. Daga nan Baba ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba ya fitowa gindin mangwaro, ba ya sauraron rediyo, coci ma ya ce Allah ya san inda yake. In na kai masa tuwo sai ya gutsiri loma biyu ya ture kwanon. Mutumin da a dā muryarsa take cika gida ya koma kamar kayan da aka ajiye.

Wata Asabar ɗaya daga cikin ƙannena ya zo, ya leƙa gareji, ya dawo yana kakkaɓe hannu.

"Adda, tarkacen nan ya cinye muku wuri. Na yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, gobe za su zo da sikeli."

Na ce, "In sun zo su fara ɗora ka. Ka fi shi nauyi, ka kuma fi shi zaman banza."

Sai muka ji muryar Baba daga ɗaki, can ƙasa. "Ki bar su su ɗauka. Ni da shi duka an gama da mu."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Na ce a raina, in dai ƙarfen nan zai iya tashi, to tsohon nan ma sai ya tashi ya fito ya sha iska, ko yana so ko ba ya so.

Kuɗin kirki ba ni da shi, sai dai hannu da taurin kai. Na tara gwangwanayen madara, duk notin da na kwance sai na jefa shi a ɗaya, na yagi takarda na rubuta inda ya fito. "Tayar gaba." "Ƙasan sit." Rubutuna a lokacin kamar sawun kaza a kan laka, amma nawa ne, kuma shi ne karo na farko da na ga karatun nan ya yi mini wani aiki ban da sa hannu a takardar adashe. Tanki ya yi tsatsa a ciki, sai na jiƙa tsamiya na zuba da tsakuwa, na toshe bakin, na zauna ina girgiza shi kamar mai kaɗa nono har kafaɗuna suka sage. Ƙarafan da suka dushe na goge su da toka da lemon tsami, yadda nake wa tukwanena. Kabreta da kaina na wanke ta a cikin kalanzir da tsohon buroshin haƙori. Cikin inji ne kaɗai ya fi ƙarfina, shi kuma wani dattijon makaniki da ya san Baba ya zo ya duba mini, na sallame shi da kifi.

Maigidana, wanda ya yi ritaya daga aikin ofis bai taɓa riƙe sufana ba, shi ne ɗan kallo. Yakan jawo benci bakin gareji da jaridarsa.

"Injiniya, yau za mu ci abinci a gidan nan, ko sai jirgin ya tashi?"

"Tukunya tana inda ka san ta. Ba ta cizo."

Ina son yammacin garejin nan har yanzu. Rana takan shigo ta hujin kwano ta sauka a ƙasa kamar tsabar kuɗi, ƙura tana yawo a cikin hasken. Warin fetur da na baƙin mai yakan ɗauke ni, in ina goge waya a jikin taya sai na ga kaina ƙarama, ƙafafuna ba sa kai ko'ina, wani farin bijimi yana kallona da jiƙaƙƙen hanci. Wani lokaci sai maigidan ya yi gyaran murya sannan na gane na daɗe riƙe da tsumma ban goge komai ba.

A nan ne kuma son raina ya shigo. Na ce tunda na sha wahala, ba zan mayar da shi yadda yake ba, sai na mai da shi yadda nake mafarkinsa. Baƙi ne a dā, na sa aka fesa masa shuɗi mai haske, irin launin kogi da sassafe. Na farke kushin ɗin tsohuwar kujerar falo aka ɗinka masa dogon sit mai laushi. Na ɗauki kan gadon ƙarfen mahaifiyata na kai wa mai walda, ya lanƙwasa shi ya zama abin jingina a baya, don kada tsoho ya zame. Madubai biyu ba iri ɗaya ba ne, amma sai ka ƙura ido za ka gane.

Saura salansa, wato bututun hayaƙi. Tsohuwar ta yi baƙi ƙirin, ga huji uku a jere kusa da bakinta. Na ce wannan ta ruɓe, na miƙa wa masu sayen ƙarfen nan, don ƙanena ma ya samu abin faɗa. A wajen 'yan gwanjo na ga wata kusan sabuwa, tana ƙyalli har ina ganin haƙorana a jikinta. Kuɗin zanin Kirsimetina ne ya tafi a kanta, kuma ban yi da-na-sani ba a ranar.

Da komai ya haɗu, na tura babur ɗin har ƙarƙashin tagar Baba. Na buga kik sau ɗaya, sau biyu, a na biyar ya kama. Wani irin sauti yake yi mai laushi, kamar kyanwa ta ƙoshi. Maigidana ya ajiye jarida ya tafa mini. Na tsaya ina kallon labulen taga. Bai motsa ba.

Na kashe, na shiga ɗakin. Yana kwance yadda na bar shi.

"Baba, ba ka ji ba?"

"Na ji baƙo ya shigo da babur. Ki ba shi ruwa."

"Naka ne. Wata huɗu ina kansa."

"Nawa ba ya magana ƙasa-ƙasa kamar marar gaskiya."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na tauna magana. Na ce masa ya hana ni makaranta ina yarinya, yanzu kuma na fasa farcena a kan ƙarfensa ko sannu ba zai ce ba. Na ce in mutuwa yake jira, ba ta karɓar mutum don ya yi fushi da tuwo. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Salansar fa?"

"Na yar. Ruɓaɓɓiya ce, huji uku ne a jikinta."

Sai ya fara dariya. Rabon da na ji wannan dariyar tun mahaifiyata tana da rai. Ya yi ta har tari ya kama shi.

"Ba ruɓa ba ce. Ni na huda ta da hannuna, satin da aka ba ni babur ɗin. A lokacin wa yake da waya? Makiyayi in gari ya waye ya kora shanunsa daji, kin yi tafiyar banza. Amma in sun jiyo ni tun daga nesa, sai su tsayar da garke su ɗaure maruƙa. Kowa ya san muryar, ba ta kama da ta kowa. Mamanki ma da ita take sanin ta ɗora ruwan wanka." Ya share ido. "Ke da kike zaune a kan tanki, kin ɗauka shanun duba suke yi?"

Abin da na ɗauka ya ma fi wannan wauta, don haka ban faɗa masa ba.

"Kawo ƙusa," in ji shi. "Babba, ta kwano. Da guduma."

Ban kama shi ba, shi ya lalubi bango ya miƙe. Ya fito tsakar gida da ƙafarsa, yana kare fuska da hannu saboda zafin ranar da ya manta. Ya durƙusa gefen babur ɗin, ya bi salansar da tafin hannu har bakinta, ya auna yatsa huɗu, ya dafa wurin.

"Nan."

Maigidana ya ce, "Maman yara, zanin Kirsimetinki fa za ki huda."

Na ce, "Nawa ne." Na buga.

Huji ɗaya, na tayar. Baba ya karkata kai, ya girgiza. Muka jira ƙarfen ya huce, ya sake aunawa, na sake bugawa. Haka har uku. A na ukun ya daɗe yana saurare, sannan ya ce na juya ƙusar a hujin tsakiya ya ƙara faɗi kaɗan. Da na buga kik a wannan karon, sai ga ta. Wata murya mai kauri, mai ɗan tsalle a ƙarshe kamar mutum yana dariya a cikin ƙirji. Ashe ni ma na san ta, tana nan a ajiye a cikin ƙashina ban sani ba. Baba ya ɗora hannu a kan tanki.

Ranar Lahadi bayan coci na ɗora shi a baya. Duk da abin jinginar, hankalina bai kwanta ba, sai na kawo zani na ɗaure shi a jikina kamar goyo. Matan layinmu suka fito suna kallo, wata ta ce wannan jaririn ya yi furfura. Baba ya ce ta yi haƙuri, haƙoransa ma ba su fito ba tukuna.

Muka kama hanyar Damare, inda ya fi yawan zuwa a dā. Ban yi gudu ba. Haɓarsa tana kan kafaɗata, iska tana kaɗa mana bakin zani, muryar babur ɗin tana tafiya gabanmu tana dawowa. Da muka kusa gefen kogi ya san wurin da kansa, daga yadda ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin taya. Amma inda rugar take a dā, yanzu gidajen bulo ne, wasu ko rufi babu, da shagon caji, da wata akuya a kan tarin yashi.

Ya ce a kunnena, "Rage gudu. Sun ji mu. Sun tara?"

Duk wanda ya san ni ya san ba na ƙarya. Na rasa ƙawaye saboda haka, na rasa masu sayen kifi. Na kalli akuyar nan, ita ma ta kalle ni.

Na ce, "Sun tara, Baba."

"Farare?"

"Farare tas. Ga maruƙa a ɗaure."

"To zaga a hankali, kada ki firgita su."

Na zaga tarin yashin a hankali, sau biyu.

Damina uku ya ƙara a duniya bayan wannan, kuma a gindin mangwaro ya yi su, yana cinye tuwonsa yana neman ƙari, yana faɗa da rediyo. Abin da na ɗauka daga wannan ranin shi ne, yanzu in na ga huji a jikin abu ko a halin mutum, ba na saurin toshewa sai na tambayi wanda ya yi shi. Wata huɗu ina gyara abin Baba, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, ban taɓa shiga na tambaye shi komai ba.

Babur ɗin yana nan a gareji, shuɗinsa ya ɗan dushe. Ba halin fita da shi cikin gari yanzu, sai dai wata Lahadin na tayar da shi a tsakar gida na bar shi ya yi maganarsa. In yana yi, nakan tuna cewa mutumin nan ya shekara talatin a cikin shanu, kuma idanunsa ne suka mutu, hancinsa lafiya lau yake. Ya san warin garke tun daga nesa. Ranar nan babu shi a iska, kuma ya sani. Duk da haka ya tambaye ni ko farare ne.