Lambar da Na Karanta wa Ɓarawo

Har yau ban manta da ranar Alhamis ɗin da Hajiya Asabe ta shigo shagonmu na Zango da jikarta Zuwaira ba. Lokacin shekarata huɗu a wurin, kuma ni patron, wato mai shagon, ya damƙa wa komai: ajiya da cirar kuɗi ta salula, da cike wa mutane takardu a intanet. Ku da kuka fara aiki bana kun ga yadda layi yake idan an buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. A intanet ake rajista, a biya ta salula, shafin ya fito da resi, wato takardar shaidar biya. In babu resi, babu sunanka.

Hajiya goro take sayarwa tun muna Zangouettin, kafin a rushe unguwar. Ita ta riƙe Zuwaira tun rasuwar uwarta. Aikin ungozoma yarinyar take nema, kuma wannan ce damarta ta ƙarshe, don baɗi shekarunta za su wuce ƙa'ida. Washegari Juma'a za a rufe rajista.

Na cike komai, muka biya da salular Hajiya. Kuɗi ya fita, shafin ya tsaya cak, babu resi. Na yi ta kiran lambar ofishin da ke shirya jarrabawar, ba wanda ya ɗauka. Zuwaira ta hau babur ta je da kanta, mai gadi ya ce mata masu na'ura suna taro, wai ta dawo Litinin.

Bayan la'asar na shiga bincike, na ci karo da wani shafi mai tambarin ofishin, da lambar taimako a ƙasa. Bugu ɗaya aka ɗauka. Mutumin ya yi mini Faransanci mai daɗi, ya ce kuɗin ya maƙale ne a hanya. Za a turo lamba shida a salular, in karanta masa ya saki resin.

Hajiya ba ta jin Faransanci, amma da na juya mata maganar sai ta riƙe salularta.

"Ɗan nan, ba kai ka ce mini kada in faɗa wa kowa lamba ba?"

"Wannan daban ce, Hajiya. Mutanen ofis ne."

Ta dube ni, ta miƙo. "To, kai ka yi boko."

Irin wannan lamba ita ce mabuɗin cirar kuɗi. An koya mini haka tun satin farko. Amma ga Zuwaira tsaye idonta ya yi ja, ga rana na faɗuwa, ga mutum ɗaya tak da ya saurare mu duk yinin. Na karanta masa. Ya yi godiya ya kashe. Ba a jima ba saƙo ya shigo: an kwashe duk abin da ke ciki. Jarinta ne, wanda za ta tura a ɗoro mata huhun goro.

Da safe muka je kamfanin salula, suka ce laifin mai waya ne, mu je komisariya, ofishin 'yan sanda. Kafin mu tafi patron ya ja ni gefe ya ce, "Sani, in sunan shagon nan ya shiga takarda, ka nemi wani aiki."

A komisariya ɗan sandan ya tambayi wa ya ba da lambar. Na buɗe baki ke nan Hajiya ta riga ni.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Tsufa ne."

Ya rubuta. Ni kuma na bar maganar a haka. Ina da mata da jariri a lokacin, kuma da wannan na yi ta lallashin kaina. 'Yan sanda suka ce layin da na kira da katin shaida na sata aka yi masa rajista. Ba mu sake jin komai ba.

Ranar Litinin ofishin suka tabbatar kuɗin rajistar ya iso gare su tun Alhamis, amma an rufe, ba abin da za su iya. Zuwaira yanzu tana tsaron shagon atamfa a kasuwa. Hajiya ta koma sarin goro kaɗan-kaɗan a hannun waɗanda dā ita ke ba su. Sau biyu na kai mata abin da na tara. A na uku ta mayar mini, ta ce in sai wa yaro madara. Bara ta rasu, ban taɓa gaya wa patron gaskiya ba sai bayan jana'izarta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanen da ke zuwa wurinmu sun riga sun gaji da yawo, kuma ɓarawo ya san haka, ya san mu ma muna jin kunyar mu ce mun kasa. In shafi ya tsaya, in ofis ya ƙi ɗaukar waya, ku ce wa mutum, "Ban san yadda za a yi ba, mu jira." Zai tafi yana jin haushinku, amma da kuɗinsa zai tafi.