Ranar da Anti A'a Ta Ce To

A gida Yaya muke ce mata, mu huɗu da ke bin ta. A ofis kuwa Anti A'a ake kiranta, da farko a bayan idonta, daga baya har a gabanta, ita kuma tana amsawa. Shekara goma sha tara ta yi a kamfanin. Ni na yi goma sha ɗaya, kuma ita ce ta yi mini hanya.

Tana da shekara goma sha bakwai mahaifiyarmu ta rasu. Baba direban babbar mota ne, sai mu yi mako biyu ba mu sa shi a ido ba, saboda haka ita ta zama uwa, ita ta zama uba. Ta bar makaranta ta kama aikin buga takardu a wani shago. Kwamfutoci uku ne a shagon, kullum ɗaya tana kwance ba lafiya. Da Yaya ta gaji da jiran mai gyara sai ta fara kwance su da kanta. Daga nan ta shiga makarantar yamma, ta yi shekara shida tana karatu da aiki da wankin kayanmu. A can ta haɗu da malamin lissafin da ta aura, mutum mai sanyin hali, wanda har ita kanta Malam take ce masa. 'Yarsu ɗaya.

Kamfaninmu manhaja yake rubutawa, wadda ƙananan asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya da ita: suna, adireshi, ciwon da ke damun mutum, maganin da aka ba shi. Kafin a tura wa asibitoci sabon gyara sai an jarraba shi a wani wuri na daban da muke kira filin gwaji. Aikina ke nan, in yi ta danne-danne har in gano inda abu ya karye. Fili a baki ne kawai. Kwamfutoci shida ne a wani tsukukun ɗaki bayan kicin, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa cikin tsohon bokitin fenti.

Shekara da shekaru kalmar sirri ɗaya ce ke buɗe filin, sunan kyanwar Manaja da ɗaya, biyu, uku. Kowa ya san ta, har waɗanda aka kora. Sai wani babban asibiti ya so sayen manhajar, ya turo mutuminsa ya duba tsaronmu. Mutumin bai yi faɗa ba, dariya kawai ya yi ya rufe littafinsa. Washegari Manaja ya ba Yaya wata uku ta gyara ƙofar.

Ranar da ta gama ta tara mu a kicin, don nan ne kaɗai ke ɗaukar mu duka.

Ta ce, "Kalmar sirri magana ce, magana kuwa zarar bunu ce. Daga yau kowa zai samu satifiket nasa. Ba takarda ba ce, ɗan fayil ne da zai zauna a kwamfutarka, da sunanka a ciki da ranar da zai mutu. In ka zo shiga, filin zai duba ko hatimina yana jikinsa. Kwamfutarka ita ma za ta duba na filin, don kada wani ya yi maka shigar burtu."

Hatimin shi ma fayil ne, makullin sirrin da ake sa hannu da shi. Ta ajiye shi a wata tsohuwar kwamfutar cinya da ta toshe wa duk wata hanyar shiga intanet, ta kulle a kabad ɗin ƙarfe. Kowane satifiket kwana casa'in yake yi. Kafin ta ba ka sai ka zo da ƙafarka ta ga fuskarka, ko da tare kuka tashi a ɗaki ɗaya. Ni ma sai da na bi layi.

"Anti, ara mini naki na minti biyar."

"A'a."

"Anti, ƙara mini kwana biyu, ina tsakiyar aiki."

"A'a. Zo in ba ka sabo."

Dogo, mai barkwancin ofishinmu, ya ce ko mutuwa ce ta zo ɗaukar Anti sai ta nuna satifiket, in ya wuce kwana casa'in ta koma ta sabunta. Yaya ta yi dariya har da hawaye. Ban taɓa ganinta cikin jin daɗin aiki kamar lokacin nan ba. Ta rubuta ɗan littafi mai shafi goma sha huɗu na yadda ake komai, ta sa masa bango da kanta.

Babban asibitin ya saya. Amma a wata na huɗu satifiket ɗin Manaja ya mutu yana gaban baƙi zai nuna musu sabon gyara. Sau uku ta aika masa tunatarwa bai buɗe ba. Ya tsaya yana danna abu yana zufa, ƙofa ta ƙi. Tun daga ranar ya ƙullace ta.

Dokar filin gwaji ita ce bayanan bogi ake zubawa, sunayen da babu masu su. Manaja ya ce na bogi ba sa fito da kurakurai, ya sa aka kwafo na gaske daga asibitoci aka zuba. Yaya ta rubuta masa wasiƙa ta ce wannan haɗari ne. Ya tare ta a bakin matakala ya ce, "Ba ke kika gina katanga ba? To mene ne abin tsoro?" Ta haɗiye, ta ƙara matse ƙofa.

Bayan shekara aiki ya yi yawa, aka ɗauko wani kamfani na waje, mutum takwas, su taya mu. Ba mu taɓa ganinsu ba, daga nesa suke aiki. Yaya ta ce kowannensu ya nuna fuska da katin shaida ta bidiyo, ta ba shi nasa. Shugabansu ya ce ma'aikatansa suna canjawa, ba shi da lokacin wannan. Kwana biyu ana ja-in-ja.

A makon ne aka sa ranar yi wa Malam tiyatar ƙoda. Yaya ta nemi hutun mako biyu, takardar tana kan teburin Manaja ba a sa mata hannu ba. Na shiga ofishinsa kai rahoto na tarar da ita a tsaye.

Yana cewa, "Satifiket ɗaya, su takwas su raba. Na shekara biyu. Yau nake so."

"Ranka ya daɗe, satifiket ɗin da ba na mutum ɗaya ba ai tsohuwar kalmar sirrin nan ce ta canja riga."

"Na ji. Yi mini."

"To ka ba ni a rubuce."

"Ni da ke sai mun yi rubutu?" Ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar hutunta. "Ki gama wancan, in gama wannan. Malam yana jiranki."

Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Sannan ta ce, "To."

Gurbin suna a satifiket ba ya yarda a bar shi fanko, ita ce ta tsara shi haka. Da ba ta da sunan kowa a cikinsu, sai ta sa nata a matsayin mai tsaya musu. Ta kulle kabad, ta ɗauki jakarta ta wuce asibiti. Da ta dawo ta nemi a soke shi sau biyu, Manaja ya ce a bari aikin ya ƙare tukuna.

Wata bakwai bayan haka bayanan mutum dubu goma sha ɗaya suka fita duniya. Ɗaya daga cikin takwas ɗin ne ya kwashe, amma wanne? Har yau ba wanda ya sani, tunda duk da fuska ɗaya suke shiga. Jerin sunaye ya yi ta yawo a wayoyin mutane, kowa yana neman sunan maƙwabcinsa. A cikin jerin akwai wata malamar firamare da ta ɓoye ciwonta shekara tara. Cikin mako guda iyaye suka tsaya a ƙofar makaranta suka ce ko ita ko 'ya'yansu.

Aka kafa kwamitin mutum uku. Rajistar shiga da fita da Yaya ta gina ta yi aikinta ba kuskure: ga ranar, ga lokacin, ga satifiket ɗin, ga sunan da ke jikinsa. Ta fito da wasiƙar da ta rubuta kan bayanan gaske, tana zaton ita ce za ta wanke ta. Lauyan kamfani ya karanta a hankali ya ɗago kai.

"Ke nan kin san abin da ke cikin filin. Kin san haɗari ne, ga shi da rubutunki. Kuma kika buɗe wa mutanen da ba ki taɓa gani ba."

Manaja ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, shi ya sa ya ɗauki ƙwararriya. Bai tuna ya ba da wani umarni ba. Yaya ta ce ƙaninta yana wurin. Aka kira ni.

'Ya'yana huɗu a lokacin, na biyun mai ciwon asma, matata da tsohon ciki. Da safen ranar, Manaja ya dafa kafaɗata a kicin ya tambayi lafiyar yaron, abin da bai taɓa yi ba. Da aka tambaye ni sai na ji bakina yana cewa, "Na shiga na tarar suna magana, amma ban riƙe abin da aka ce ba."

Yaya ba ta juyo ta dube ni ba.

Ranar da aka sallame ta, ni aka ce in karɓi makullin kabad in soke satifiket ɗinta. Na buɗe littafinta, shafi na tara: idan ma'aikaci ya bar aiki, a soke nasa kafin ya fita daga gini, ko wane ne. Tana tsaye a bayana da kwalin kayanta, kofin shayinta a sama. Na gama na miƙe.

Ta ce, "Ba ka gama ba. Ka tura sabon jerin waɗanda aka soke. In ba ka tura ba, ƙofa ba za ta sani ba."

Na koma na tura. Dogo ya ɗaukar mata kwalin har bakin titi, ya dawo ya zauna a teburinsa.

Sana'armu ƙaramin gari ce, kowa ya san kowa. Ta nemi aiki a wurare fiye da talatin. Uku suka kira ta, duka ukun suka kai ga tambaya ɗaya. Wani ya gaya mata gaskiya: shekararta hamsin da ɗaya, kuma in an buga sunanta a intanet labarin ne ke fara fitowa. A ofis kuwa kamfani ya canja suna, Manaja ya hau sama. An kwafe hatimin daga kabad an ajiye inda kowa zai iya ɗauka, don a rage wahala. Satifiket yanzu shekara goma yake yi. Ni nake bayarwa, duk wanda ya tambaya.

Ƙodar Malam ba ta daɗe ba. Shekara ɗaya da rabi bayan tiyatar ya rasu, ita ce ta yi jinyarsa har ƙarshe.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni ta kira ni ta ce in raka ta wani wuri. Ashe ta samo adireshin malamar nan, wadda ta gani cikin masu ƙorafi a gaban kwamiti. Muka shiga bas biyu, muka hau bene hawa uku a wani gini da fentinsa ya ɓare. Matar ta buɗe ƙofa rabi, siririya, da allura da zare a hannu. Yaya ta faɗi ko ita wace ce, ta ce ta zo neman gafara.

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta ce, "'Yar'uwa, in na ce na yafe, za a mayar da ni aji? Ƙanwata ta hana 'ya'yanta cin abinci a gidana. Ki je kawai. Ba na jin haushinki, ba ni da ƙarfinsa."

Ta rufe ƙofar a hankali.

A bas na dawowa na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, na riƙe abin da aka ce ranar nan. Kalma da kalma na riƙe."

Tana kallon taga ta ce, "Na sani."

"Zan iya zuwa in faɗa yanzu."

"Ka faɗa wa wa? Kwamitin ya watse. Da ka yi magana, da mu biyu ne a gida, wa zai sayi maganin yaron?" Ta gyara jakarta a cinya. "Kuma ba kai ka ce to ba. Ni na ce."

Na so ta zage ni. Ba ta yi ba, har muka sauka.

Yanzu shekara huɗu ke nan. 'Yarta tana aiki a wani gari mai nisa, tana kira ranar Lahadi. Yaya ta saki gidansu ta koma ɗakin baya a gidan autarmu, tana rainon tagwayenta. Hawan jini ya taɓa mata hannun hagu, ba ta iya ɗaure maɓallin riga sai an taimaka mata. Kwamfutarta ta ba maƙwabciya kyauta. Duk Asabar nakan je da lemo da ayaba in zauna a bakin gadonta. Takan tambaye ni yara ɗaya bayan ɗaya, da jikin mai asma, da ko matata ta daina ciwon baya. Ba ta taɓa tambayata ofis ba. In tagwayen suka farka sai ta ce in miƙo mata ɗaya a hannun dama, ni kuma in riƙe ɗayan har uwarsu ta dawo daga kasuwa.