Ɗaya Gefen Kaset ɗin Kaka

Mun sha wuya a Arlit. Na faɗa tun da fari, don na gaji da jin waɗanda ba su zauna can ba suna cewa lokacin kuɗin uraniyom kowa daɗi ya ji. Abinci kam akwai shi, har da sardin da madarar gwangwani daga kantin kamfani. Amma akwai rana mai dafa ƙwai, akwai nisa da gida, kuma akwai girman kan maza waɗanda jiya-jiya suka bar hauya suka fara riƙe albashi. Wannan na ƙarshe shi ya fi cin mu.

Abin da ya taso mini da maganar, ɗana ne ya zo ya tura mini waya a fuska. Wai Anasara sun koma sayen na'urar faifai, ga hotuna, ana gwada wannan da waccan, wai tunda na tashi cikinsu in gaya masa wadda ta fi. Na ce ya ɗauke mini ita daga gabana. Ya ga kamar faɗan tsufa ne. Ba shi ba ne.

Babana direban katafila ne a ramin kamfani. Mu mutanen Adar ne, daga wani ƙauye gabas da Tawa, kuma a can ko jaki ba shi da shi. Shekarar da nake sha biyu, shef ɗinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, wani Anasara, zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da kayan kiɗansa duka: na'urar faifai mai murfin gilashi, da ampili, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da lasifika biyu masu tsawona, da faya-fayai cike da kwali. Mutum huɗu suka shigo da su. Inna ta kwashe kwanoninta daga kan tebur ta mayar ƙasa don a sami wurin ajiye su. Idan ka kira abin garmaho, Baba sai ya ɓata rai. Ya ce garmaho na tsofaffi ne, nasa turne-diski ne, kuma ɗan Jamus.

Ba zan yi ƙarya ba, sautinsa yana da kyau. Idan allura ta sauka kan faifai, za ka ji ɗan ƙas-ƙas, sai kiɗa ya buɗe kamar an ɗage labule, har numfashin mai busa kana ji. Ampilin yana da wasu allurai biyu cikin fitila ruwan ɗorawa, suna rawa da kiɗan, idan ya yi zafi kuma ƙamshinsa kamar na dutsen guga. Sai dai abin ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja wa faifai zane. Idan aka fasa dutse a rami ƙasa ta girgiza, allura sai ta yi tsalle. Kuma kullum Baba yana gargaɗinmu, faifai ba ya son rana ko ta minti biyar, lanƙwashewa yake. Yawancin kiɗan ma na goge ne irin na Anasara, ba waƙa ba kalangu. Baba bai san kansa ba. Zama yake ya lumshe ido yadda ya ga shef ɗinsa yana yi.

Katanga ɗaya ta raba mu da wani Badamagare mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, a kamfani. Shi manyeto gare shi na kaset, ɗan Japan, fari ƙal, da maɓallai kamar haƙora, da nasa ampilin. Duk Lahadi bayan la'asar kowa ya fito da lasifikarsa ƙofar gida, maza su taru da shayi, a yi ta musu. Baba ya ce kaset huci yake kamar maciji, kuma yana tauna zarensa sai an sa biro an naɗe. Mai kuran ya ce faifai kayan lalura ne, sai an yi masa fifita kamar amarya, ga shi kurma, ya iya magana bai iya ji ba. Wani ya ce ampilin Baba ya fi zurfi, har cikin ƙirji kake jin gangar. Wani ya ce na mai kuran ya fi kai nisa, ana jin sa har tasha. Da wasa aka fara. Kafin wata uku sun bar gaisawa.

Cikin bazara wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗan garinmu ya yi sallama, ya ciro kaset daga aljihu naɗe cikin tsumma. A lokacin haka ake wasiƙa. Wanda bai iya rubutu ba sai ya sami mai rediyo ya yi magana ciki, a kawo, a saurara, a juya ɗaya gefen a mayar da amsa. Daga kakata ne, uwar Inna. Ta makance shekara uku kafin nan, kuma rabonta da Inna tun kafin a haifi ƙanwata. Direban ya ce tsohuwa ta yi rauni ƙwarai, ba ta ce a aiko mata da komai ba, muryar ɗiyarta kawai take so. Ya ce kwana goma zai yi, ran Lahadi da magariba zai biyo ya karɓa, da asuba ya kama hanya.

Na'urar Baba ba ta cin kaset. Duk girman nan nata, ba ta da inda za a sa shi.

Inna ta ce cikin ladabi, ko a kai maƙwabta. Baba ya ce ba a gidansa ba. Ta ce to ko wajen mai shago, yana da ƙaramar rediyo mai pil, wato batir. Ya ce wato a ce mai kayan Anasara yana yawon aron rediyon mai shago? Ya riga ya ba wani mai zuwa Tamanrasset saƙo, za a kawo masa manyeto wanda ya fi na kowa a unguwar, sai ta saurara a ɗakinta da mutuncinta. Ya ɗauki kaset ɗin ya cusa bayan faya-fayai cikin kwali.

Kwana tara Inna tana share ɗakin nan, tana goge murfin gilashi da tsumma kamar yadda ya umarta, uwarta tana cikin kwali kamu ɗaya da hannunta. Ba ta taɓa ba. Ni na ga tana tsayawa wajen, ta daɗe, sai ta wuce. Har yau ina tunawa. Ina jin haushinsa, ina jin haushinta ita ma, Allah ya gafarta mini.

Ran Lahadin, Baba ya kwanta bayan azahar. Na shiga a hankali na zaro kaset ɗin. Na riga na yi magana da matar mai kuran, ƙawar Inna ce ta kan katanga, ta ce in kawo, mijinta zai fita, sai ta sa a hankali cikin ɗaki Inna ta zagayo ta baya. Amma bai fita ba. Ina shiga zaure na yi karo da shi yana jan wayar lasifika zuwa ƙofa, maza sun fara taruwa.

Ya ce, "Ɗan Ba'adare, me ke hannunka?"

Na gaya masa gaskiya, don ban iya wata ba. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Na roƙe shi don Allah a sa a ɗaki. Ya ce ai maganar tsohuwa albarka ce, kowa ya samu. Ya sa kaset ɗin, ya murɗa ampili har ƙarshe.

Aka fara jin huci, da kukan zakara, da wani yana cewa "yi magana, Iya, tana ɗauka." Sai muryar Kaka ta cika titi, da girma fiye da yadda ta taɓa zama a duniya. Ta kira Inna da sunan yarinta wanda ko ni ban sani ba. Ta ce, "Ɗiyata, kin wuni lahiya?" Sai ta yi shiru. Ta ce, "Ina gajiya? Ina ɗiya?" Ta sake yin shiru. Wuri take bari don a amsa mata, kamar Inna tana zaune gabanta.

Kuma Inna ta amsa. Daga bayan katanga na ji tabarya ta tsaya, na ji muryarta: "Lahiya lau, Inna. Babu gajiya. Suna lahiya." Duk inda Kaka ta yi shiru, Inna ta cike. Masu shayi suka sunkuyar da kai. Da a nan abin ya tsaya, da na yafe wa kowa.

Sai Kaka ta ce, "Ki yi ma mai gida godiya, sukari ya iso. An hwaɗa mini ya sai akwatin kiɗin Anasara da ya hi na kowa. To alhamdu lillahi. Ki ce ya sa mini muryarki ciki, ni da ido babu, kunne ya rage."

Wani ya fara dariya ta hanci. Sai duk suka fashe. Mai kuran ya riƙe ciki, ya ɗaga murya ta kan katanga: "Ba'adare! Fito, surukarka tana kiran ɗan Jamus! Ko kurman bai ji ba?"

Ya juya kaset ɗin, ya danna jan maɓalli, ya tura mini mikoro a baki, wai in gai da kakata, jama'a su ga aikin ɗan Japan. Na buɗe baki na ce, "Kaka, ni ne." Iyakar abin da na samu faɗa ke nan. Baba ya fito ba hula, ba takalmi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ɗauka zai ce wa ya ba ka izinin tona maganar iyalina a titi. Wallahi ba haka ya ce ba. Cewa ya yi, "Wannan hucin kake kira sauti? Muryar tsohuwa ma ka ɓata ta!" Mai kuran ya ce naka ya fitar da ita mana, in ya isa. Suka shiga: allura, zare, Jamus, Japan, wa ya fi ƙarfi, wa ya fi tsabta, har mutane suka shiga tsakani. Kaset yana ta juyawa. Daga baya Baba ya fizge shi ya sa aljihu, ya kama ni a wuyan riga muka shiga gida. Bai doke ni ba. Ko kallona bai yi ba.

Da magariba direba ya zo. Baba ya tare shi a ƙofa, ya ce a gai da tsohuwa, a ce kowa lafiya, amsa tana zuwa tafiya ta gaba cikin na'ura mai kyau. Inna tana tsakar gida tana kwasar tuwo. Ta kwashe, ta rufe, ta miƙa mini na Baba in kai masa.

Kaka ba ta ga girbin shekarar ba. Manyeton Baba ya iso bayan an yi sadakar arba'in, baƙi, mai ƙofa biyu, kuma gaskiya ya fi na mai kuran. Ya fito da shi ran Lahadi, maza suka yaba. Inna ba ta taɓa goge shi ba, shi ma bai ce ta goge ba.

Bayan rasuwar Baba na buɗe akwatinsa na ƙarfe, na tarar da kaset ɗin ƙarƙashin rigar sallarsa, naɗe cikin tsummansa na farko. Ban san me ya sa ya ajiye shi ba, kuma ban yarda in yi masa fassara mai daɗi ba. Sau ɗaya na saurara. Gefe ɗaya tsohuwa tana gaisuwa tana barin wuri. Ɗaya gefen yaro ya ce "Kaka, ni ne," sai ƙattai biyu suna zagin juna kan akwati. Amsar Inna ba ta ciki, don lokacin da ta yi ta ba wanda ya danna komai.

Yanzu ramin ya yi sanyi, matasa sun tafi Tchibarakaten neman zinariya, kuma duk Arlit ban san mai manyeto mai aiki ba. Ɗana yana danna waya da yatsa ɗaya muryarsa ta isa Tawa kafin ya sauke hannu, amma sai uwarsa ta yi masa gori kafin ya gai da nasa kakannin. Shi ne yake tambayata wadda ta fi. Na ce masa wadda ta fi ita ce ƙaramar rediyon mai shago mai murfi ɗaure da roba, wadda ba a bar mu mun ara ba. Bai gane ba, ni kuma ban ƙara ba.

Abu ɗaya ne ban gaya masa ba. Washegarin Lahadin nan ta kaset ɗin Kaka, kamiyo ya tafi tun asuba, bas ɗin kamfani ya ɗauki Baba, Inna ta shiga wanki. Na jawo kwalin faya-fayai, na taka randa na hau rufin kwano. Na zare su ɗaya-ɗaya daga rigunansu na shanya, kamar yadda Kaka take shanya kuɓewa. Na sauko na zauna gindin katanga ina jira. Da rana ta take tsaka na koma, kwanon yana ƙona mini tafin ƙafa, na tarar duk sun lanƙwashe sun ɗaga baki sama. Na tattara su da gefen rigata, na mayar da kowanne cikin rigarsa, na jera su cikin kwali daidai yadda ya bar su, na goge murfin gilashin tas.