Mijinyawa da ordinatar da aka wanke

A Kalley, bayan Babbar Kasuwa, in ka nemi mai tono abin da aka goge a ordinatar, wato kwamfuta, shagon Mijinyawa za a nuna maka. Mutumin Madawa ne, ɗan mai gyaran rediyo, ya zo Yamai da niyyar ci gaba da sana'ar ubansa, sai ya tarar rediyo ta fara tsufa. Ya koma wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya koya a hannun wani ɗan Kwatano, da ɓarna da gyara har hannu ya faɗa. Ba shi da yawan magana, kuma bai iya ciniki ba sam. Matarsa Sa'adatu takan yi masa tsiya cewa da na'urorin nan suna dafa tuwo, da ba wanda zai ƙara ganinsa a gida.

Sannu a hankali lauyoyi suka san shi. In gardama ta kai kotu, wannan ya ce ya aika saƙo, wancan ya ce bai gani ba, sai a rantsar da Mijinyawa a damƙa masa na'urar. Ba ya taɓa asalin faifan ajiyar da ke cikinta, sai ya kwafe shi kaf ya yi bincike a kan kwafin, ya faɗi abin da ya gani ba ƙari ba ragi. Da wannan yake alfahari, don ba shi da wani abin alfaharin.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina ta riga ta yi gardama, rumbuna sun zama wayam, mutanen karkara suna ta kwararowa birni. A lokacin ne jandarmomi suka kama wani saurayi ɗan unguwar Talladje mai suna Mumuni, wanda ke rakiyar motocin hatsin agaji na wata ƙungiya. Aka ce lodin mota guda bai isa ƙauyen da aka tura shi ba. Mumuni ya rantse ya kai. Ya ce duk inda ya sauke kaya yakan ɗauki hoto, ga buhuna ga mai gari a tsaye, hotunan kuma suna cikin ordinatarsa a gida. In an same su zai koma gida, in ba a samu ba sai gidan kaso.

Alƙali ya sa aka ɗauko na'urar aka kai wa Mijinyawa. Yana buɗewa ya ga ɓarnar da aka yi. An wanke ta tas, kuma bayan kamun aka yi. Wanki kaɗai bai cika ba shi tsoro ba, don abin da aka goge yakan kwanta a ƙasa har sai an ɗora wani a kansa. To amma an ɗora. Faifan cike yake maƙil da karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin biki, irin gyaran da masu shago ke zuba wa mai kaya kyauta, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu a kan kashi. Shi kansa Mijinyawa haka yake yi wa masu kawo masa aiki.

Bai sha wahalar gano wanda ya sa aka yi ba, domin da ƙafarta ta zo. Balkisa ce, uwar Mumuni, tsohuwa Bazabarma mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, Hausarta ta kasuwa. Ta zauna a bakin shago ta ba shi labari ba tare da ya tambaya ba. A mulkin soja na farko an taɓa ɗauke mijinta, wata takarda da aka tsinta a ɗakinsa ce ta riƙe shi shekaru. Tun daga nan matan unguwarsu suka san abin yi: in an tafi da namiji, a ƙone duk wata takarda kafin a dawo bincike. Wannan karon ba takarda, sai na'ura. Ta naɗe ta a zane ta kai wa Lawali mai gyara a unguwarsu, ta ce ya share komai. Yaron kirki, in ji ta, har karatu ya zuba mata a ciki don albarka.

Mijinyawa ya rufe shago ya duƙufa. Ya bi faifan lungu-lungu, yana addu'ar gyaran Lawali ya bar ko da kusurwa ɗaya. Abin da ya samu rabin hoto ne: sararin sama, da reshen gawo, da gefen tayar mota. Ba buhu, ba fuskar kowa. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci, har Sa'adatu ta daina tsokanarsa.

A kotu ya faɗi gaskiya kamar yadda ya saba, yana jin ɗacinta a bakinsa. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce marar laifi ba ya goge shaidarsa, ya nemi a faɗi wanda ya kai na'urar wanki. Kafin Mijinyawa ya buɗe baki, Mumuni ya waiga ya dubi uwarsa a bencin baya. Ya gane. Ya ce da alƙali, cikin Faransanci, shi ne ya aika a goge, kada a nemi kowa. Aka yanke masa ɗauri.

Balkisa ba ta jin Faransanci, hukuncin kawai aka fassara mata. A bakin ƙofa ta tari Mijinyawa, idonta jajir, ta kama hannun rigarsa.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya biya ka," ta ce. "Allah ma ya so na wanke ta da wuri. Da sun ga abin da ke ciki, ai da abin ya fi haka, ko?"



"Haka ne, Inna," ya ce.